Zaɓen Furosesa da Madabod na Kwamfutar Gem: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu son haɗa kwamfutar gem da hannunsu, da masu ba da aikin haɗawa amma suna so su san abin da za a sa musu a ciki. Ba mu sa farashi ba, domin yana tafiya ne da canjin dala.

Wanne zan fara zaɓa, furosesa ko madabod?

Ba ko ɗayansu ba. A kwamfutar gem katin hoto, wato wanda ke zana hotunan da kake gani a monita, shi ne ke ɗaukar kaya mafi nauyi, don haka shi ake fara ware wa kuɗi. Daga nan sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wanda zai iya ciyar da katin, sai madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan a kai, wanda zai karɓi furosesan, sai RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, irin wadda madabod ɗin ke ci. Wanda ya fara sayen madabod saboda ya gan shi da arha, ko saboda fitilun jikinsa, ya riga ya ɗaure kansa, domin soket ɗin da ke kai, wato mazaunin furosesa, shi ne zai yanke masa furosesan da zai saya da RAM ɗin da zai nema.

Madabod mai tsada yana ƙara gudun gem?

A'a. Ka ɗauki furosesa ɗaya, ka sa shi a madabod mai matsakaicin kuɗi, ka cire ka sa a wanda ya ninka shi tsada: adadin hotunan da gem zai fitar a daƙiƙa, wato FPS, kusan ɗaya ne. Abin da ƙarin kuɗin ke sayo maka shi ne ƙarin gurbin faifan ajiya na SSD, ƙarin ramukan USB masu sauri, Wi-Fi, da sashen wuta mai ƙarfi.

Amma madabod yana iya rage gudu, kuma ta hanyoyi biyu yake yi. Ko dai sashen wutarsa ya gaza ɗaukar furosesan, ya yi zafi ya ja da baya, ko kuma ya hana RAM kai wa gudun da aka rubuta mata. Duba amsoshin da ke kan VRM, wato sashen wutar, da cifset a ƙasa.

Mene ne soket, kuma waɗanne ne ake yayi yanzu?

Soket shi ne mazaunin furosesa a kan madabod. Kowane iri yana da siffarsa da yawan alluransa, kuma na wannan ba ya shiga na wancan ko da ƙarfi. Guda huɗu ne suka shafi mai haɗa kwamfutar gem a yanzu.

A ɓangaren AMD akwai AM4, mazaunin Ryzen tun daga 2017 har zuwa jerin 5000. DDR4 yake ci, kuma alluransa a jikin furosesa suke. Sai AM5 da ya fito a 2022, mai ɗaukar Ryzen 7000, 8000 da 9000. DDR5 kaɗai yake karɓa, alluransa 1718 kuma a cikin soket suke. Kamfanin ya ce zai ci gaba da fitar da furosesa na AM5 har zuwa 2027 aƙalla. A ɓangaren Intel akwai LGA1700, mai ɗaukar zubi na 12 da 13 da 14, wanda ya faro a ƙarshen 2021, sai LGA1851 na Core Ultra 200S da ya zo a Oktoban 2024.

Shiga soket daban, tashi daban. Furosesa yana iya zama daram a mazauninsa amma ya ƙi tashi, saboda madabod bai san shi ba. Wannan maganar BIOS ce, wato 'yar manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, kuma tana da nata amsar.

Intel ko AMD?

Ba sunan kamfani ake duba ba, haɗin ake duba: furosesa da madabod da RAM, nawa suka tashi gaba ɗaya. Ga mai ƙaramin ƙarfi, haɗi biyu ne suka daɗe suna biyan buƙata: Ryzen 5 5600 a kan madabod B550 ko B450, da Core i5-12400F a kan B660 ko B760 mai cin DDR4. A gem kusan kunnen doki suke, don haka wanda ya fi sauƙi a inda kake shi za ka ɗauka.

Wanda yake son ya haɗa yau, bayan shekara biyu ko uku ya canza furosesa kawai ba tare da ya taɓa sauran kayan ba, AM5 ya fi masa. Ryzen 5 7600 a kan B650 mafari ne mai kyau. LGA1700 kuwa ya tsaya a zubi na 14, AM4 ma tsohon gida ne, sai dai har yanzu yana da ɗaki na sama: Ryzen 7 5700X3D ko 5800X3D, in an samu. In kuma gem ne zalla kuma kuɗi ba matsala ba ne, ra'ayinmu Ryzen 7 7800X3D ko 9800X3D ne, saboda dalilin da ke amsa ta gaba.

Ƙwayoyi nawa furosesan gem yake buƙata?

A cikin furosesa ɗaya akwai ƙananan injina da yawa masu aiki tare, su muke kira ƙwayoyi. Shida na zamani sun ishi yawancin gem, takwas kuma sun ba da sarari. Sama da haka amfaninsa ga mai tace bidiyo ne ko mai yaɗa wasansa kai tsaye yana kuma buɗe da wasu manhajoji. Gem ba ya raba aikinsa daidai tsakanin ƙwayoyi goma sha shida. Yakan ɗora babban nauyi a kan kaɗan daga ciki, shi ya sa ƙarfin kowace ƙwaya ya fi yawansu muhimmanci. A furosesan Intel da yawa daga zubi na 12 ƙwayoyin iri biyu ne, manya masu harafin P da ƙanana masu harafin E. Core i5-13400F ƙwaya goma gare shi a rubuce, amma shida ne manya, kuma su gem ya fi dogara da su.

Abin da mutane ba su cika kula da shi ba shi ne ma'ajiyar L3, wani ɗan rumbu ne a cikin furosesa inda yake ajiye bayanan da yake yawan nema don kada ya riƙa zirga-zirga zuwa RAM. Ryzen 5 7600 yana da 32MB. Ryzen 7 7800X3D yana da 96MB, saboda an ɗora masa ƙarin ma'ajiya a kai. Wannan ne ya sa yake wuce furosesa masu ƙwayoyi ninkinsa a gem da yawa, musamman masu cunkoson 'yan wasa ko faffadan gari. Kuma ba matsakaicin FPS kaɗai yake ɗagawa ba, yana rage wannan ɗan tsaitsayawar da ke ɓata wasa a tsakiyar artabu.

Monita ma tana da ta cewa. A monita mai 1080p da ke sabunta hoto sau 144 ko 240 a daƙiƙa, wato 144Hz ko 240Hz, irin na masu buga Valorant da Counter-Strike 2, furosesa ne ke shan wahala. A 1440p zuwa 4K nauyin yakan koma kan katin hoto, har bambancin furosesa mai tsada da matsakaici ya ragu ƙwarai. Mai monita 60Hz ba zai ga amfanin X3D da idonsa ba.

Me haruffan ƙarshen sunan furosesa suke nufi?

A Intel, F yana nufin babu sashen hoto a cikinsa, dole sai da katin hoto. K yana nufin a buɗe yake, ana iya ƙara masa gudu fiye da na kamfani, kuma ba ya zuwa da fanka. KF duka biyun ke nan. A AMD, X ya ɗan fi marar X gudu da cin wuta, X3D kuma shi ne mai ƙarin ma'ajiya, shi ma ba fanka a kwalinsa.

G kuwa sai an yi hattara. Ryzen 5 5600G yana da sashen hoto mai ɗan dama, ana iya buga ƙananan gem da shi kafin a tara kuɗin kati. Amma ba 5600 ba ne da aka yi wa ƙari: ma'ajiyarsa 16MB ce maimakon 32MB, kuma a PCIe 3.0 ya tsaya, wato tsohon zubin hanyar da furosesa ke magana da katin hoto ta cikinta. In da katinka a hannu, ɗauki 5600. Shi kuma 5600 ɗin, duk da babu F a sunansa, ba shi da sashen hoto ko kaɗan.

Mene ne cifset, kuma wanne zan ɗauka?

Cifset shi ne harafi da lambar da ke cikin sunan madabod, kamar B650 ko Z790. Shi ke ƙayyade yawan hanyoyin USB da SSD, da abin da aka yarje maka ka taɓa a BIOS. Ga yawancin mutane jerin B ne daidai: B550 a AM4, B650 ko B850 a AM5, B760 a LGA1700, B860 a LGA1851.

Na ƙasa akwai abin da aka yanke musu. A520 a PCIe 3.0 ya tsaya. H610 yawanci gurbin RAM biyu gare shi, kuma ba ya barin RAM ta wuce gudun da Intel ya ƙayyade, wato 3200 a DDR4. Na sama, Z790 da Z890 da X670E da X870E, na masu buƙata ta musamman ne. A Intel ba za ka iya ƙara wa furosesan K gudu ba sai a madabod Z, don haka K a kan H610 asara ce, haka ma i5-12400F a kan Z790. A AMD kuwa B550 da B650 suna ba da wannan damar.

DDR4 ko DDR5? Kuma guda nawa?

Soket ne ke yanke hukunci, sai a LGA1700 kaɗai, inda madabod iri ɗaya yake fitowa kala biyu, mai DDR4 da mai DDR5. Ka karanta cikakken sunan da ke jikin kwalin, domin masu DDR4 sukan ɗauki alamar D4 ko DDR4 a ƙarshe. Tsagar da ke ƙasan RAM ɗin ba wuri ɗaya take ba, don haka ba sa shiga gurbin juna, kuma babu madabod ɗin gem na yau da kullum da ke cin duka biyun.

Sayi guda biyu 'yan kwali ɗaya, kada ka sayi ɗaya babba. Biyu masu 8GB sun fi ɗaya mai 16GB gudu, domin hanya biyu suke buɗewa zuwa furosesa. A madabod mai gurbi huɗu, sa su a na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga wajen furosesa, wato A2 da B2. A AM4 nemi DDR4-3200 ko 3600, a AM5 kuma DDR5-6000 mai lambar jinkiri CL30. 16GB na yi, amma 32GB ya fi kwanciyar hankali ga sababbin gem. Cike gurbi huɗu da DDR5 ba dabara ba ce: a takardar AMD ta Ryzen 7000 gudun da aka lamunce da RAM guda huɗu 3600 ne kacal.

Bayan haɗawa sai ka shiga BIOS ka kunna saitin da ke kai RAM ga cikakken gudunta, wato XMP a Intel ko EXPO a AM5. Wasu madabod ɗin ASUS na AM4 DOCP suke kiransa. In ba ka kunna ba, RAM ɗin da ka biya kuɗin 6000 za ta zauna a 4800, ta DDR4 kuma a 2133 ko 2400.

Mene ne VRM, kuma yaya zan gane mai kyau?

Wuta tana shigowa madabod a bolt 12, furosesa kuma bolt ɗaya da ɗoriya yake so. VRM ne ke sauke ta, wato jerin ƙananan kayan da ke kewaye da soket ta sama da ta hagu. Aikin yana haifar da zafi, kuma in zafin ya yi yawa madabod zai rage wa furosesa gudu don ya tsira. Alamarsa ita ce gem ya fara lafiya lau, bayan minti ashirin ko talatin ya soma sanda.

Gwajin ido ya wadatar a matakin farko: in babu ƙarfen shan zafi a kan waɗannan kayan, kada ka ɗora masa abin da ya wuce furosesa mai wat 65. Ka kuma sani cewa lambar da ke kwali ba ita ce iyakar cin wuta ba. Ryzen mai wat 65 yakan kai 88, i5-12400F yakan kai 117, i9-14900K kuwa 253. Wannan na ƙarshen a kan H610 tsirara ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Wane girman madabod ya dace?

ATX milimita 305 ne a 244, Micro-ATX 244 a 244, Mini-ITX 170 a 170. Ƙarami yana shiga babban akwati, babba ba ya shiga ƙarami. Micro-ATX ya fi arha kuma ba ya rage FPS ko ɗaya. Mini-ITX ya fi tsada, gurbin RAM biyu ne, kuma ƙaramin akwati ya fi riƙe zafi.

Katin hoto na PCIe 4.0 zai yi aiki a madabod mai 3.0?

Zai yi, domin sabo yana magana da tsoho, sai dai a gudun tsohon. Ga kati mai cikakkun layukan sadarwa 16 na PCIe asarar kaɗan ce. Matsalar tana ga katunan da aka rage wa layi. RTX 4060 da RX 7600 layi takwas suke amfani da shi, RX 6500 XT kuma huɗu kawai. Wannan na ƙarshen a kan B450 ko A520, ko tare da 5600G, yakan yi asarar gudu a fili, musamman in ma'ajiyar katin ta cika. Kullum ka sa kati a dogon gurbi na sama, wanda ya fi kusa da furosesa.

An ce sai na sabunta BIOS kafin furosesa ya tashi. Yaya ake yi?

Hakan na faruwa ne in furosesa ya fito bayan an ƙera madabod: Ryzen 5000 a kan B450, Intel zubi na 13 ko 14 a kan B660 da Z690, Ryzen 9000 a kan tsohon B650. Kafin ka biya kuɗi, shiga shafin kamfanin madabod ɗin ka duba jerin furosesan da yake karɓa da lambar BIOS da kowanne ke buƙata.

Hanya mafi sauƙi ita ce madabod mai maɓallin sabuntawa a baya, wanda ba ya buƙatar furosesa ko RAM. ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Ka goge filas zuwa tsarin FAT32, ka sauke fayil ɗin ainihin samfurin madabod ɗinka, har da lambar bugunsa in yana da ita, ka canza masa suna yadda littafin ya ce, misali MSI.ROM a MSI. Ka jona wayar wuta mai rami 24 da ta furosesa mai rami 8, ka sa filas a ramin USB da aka yi wa alama, ka danna maɓallin. Fitila za ta riƙa ƙiftawa na 'yan mintuna. Kada ka taɓa komai sai ta tsaya.

Kada ka yi wannan aiki a kan wutar NEPA kai tsaye, ko a janareto da mansa ya kusa ƙarewa. In wuta ta ɗauke a tsakiya, madabod yana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Yi a kan UPS ko inbata mai cikakken caji. In madabod ɗin ba shi da maɓallin, sa mai shago ya sabunta maka da tsohon furosesa, ya kuma tayar da naka a gabanka.

Gaskiya ne Intel zubi na 13 da 14 suna lalacewa?

An samu matsalar, kuma kamfanin ya amsa ta a 2024. Wuta fiye da kima tana shiga wasu furosesan, musamman i9 da i7 da i5 masu K, tana cinye su a hankali. Alamar da aka fi gani ita ce gem ya rufe kansa lokacin da yake shirya hotuna a farkon buɗewa, wani lokaci da saƙon cewa ma'ajiyar katin hoto ta ƙare alhali katin lafiyarsa ƙalau. An fitar da gyara ta BIOS, 0x129 a Agusta da 0x12B a Satumba, aka kuma ƙara shekara biyu a garanti. Gyaran rigakafi ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Saboda haka sabo a kan sabon BIOS babu laifi, amma ba ma ba da shawarar sayen i7 ko i9 na hannu daga waɗannan zubi biyu. Zubi na 12 abin bai shafe shi ba.

Zafin garinmu da ƙura za su shafi zaɓina?

Sosai. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, tsakanin Maris da Mayu, zafin waje yakan haura digiri 40, kuma duk digirin da ɗaki ya ƙaru da shi sai ya bayyana a furosesa. Ryzen 7000 iyakarsa 95, 7800X3D 89, Intel zubi na 12 zuwa 14 kuma 100, kuma da sun kai nan sai su rage gudu. In ɗakin ba AC, furosesa mai wat 65 ya fi hankali, kuma ko da ya zo da fankarsa, mai doguwar hasumiya da fanka milimita 120 ta fi. Tabbatar tana da ƙafafun soket ɗinka: na tsohon soket ɗin Intel LGA1200 ba sa hawa LGA1700, yawancin na AM4 kuwa suna hawa AM5.

Furosesa mai ƙarancin cin wuta yana kuma sauƙaƙa wa inbata da batir. Da hunturu kuma ƙura takan toshe ƙarfen shan zafi cikin 'yan makonni. Ɗaga akwatin daga ƙasa, ka riƙa hure shi da abin hura iska, kana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa.

Zan iya sayen na hannu?

Furosesa na hannu ba shi da haɗari sosai, ban da waɗanda muka ambata a sama. Na AM4 ka juya shi ka duba allurai a haske, kada a samu lanƙwasasshe ko karyayye. Madabod ne abin tsoro. A AM5 da Intel haska tocilan cikin soket: allurai su kwanta layi ɗaya, duk inda haske ya karkace akwai matsala. Sa a gwada kowane gurbin RAM ɗaya bayan ɗaya, domin allura ɗaya da ta lanƙwashe tana iya kashe gurbi biyu. Duba bayan allon ko akwai tabon ƙuna ko alamar an yi masa walda.

Abu biyu ne ke yawan jan masu neman sauƙi, kuma arha ba ta ado. Na farko tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex: da yawa madabod ɗinsu da wayar wutarsu na gidansu ne, ba sa karɓar akwatin wuta na kasuwa, siraran cikinsu kuma dogon kati ba ya shiga. Na biyu haɗin tsohon furosesan Intel Xeon da madabod X79 ko X99 marar suna. Ƙwayoyin suna da yawa amma kowace ba ta da ƙarfi, kuma ba sa cikin jerin da Windows 11 ya amince da su, wanda ya faro daga Intel zubi na 8 da Ryzen 2000.

Na haɗa komai, fanka na juyawa amma babu hoto. Me zan duba?

Fara da wayar monita. In a ramin madabod ka jona ta maimakon na katin hoto, kuma furosesanka F ne ko 5600, ba za ka ga komai ba. In AM5 ne, ba shi lokaci: a tashin farko yakan ɗauki minti biyu zuwa biyar yana gwada RAM, allo baƙi ƙirin, kuma kashe shi a lokacin mayar da aikin baya ne.

In shiru, dubi ƙananan fitilu huɗu da yawancin madabod ke da su, CPU da DRAM da VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. In DRAM ce, cire RAM ka mayar da guda ɗaya a A2, ka danna har sai ta yi ƙara ta kulle ta kowane gefe. In CPU ce, duba wayar rami 8 da ke saman madabod. Wadda ke rabuwa 4 da 4 ita ce ta furosesa, mai rabuwa 6 da 2 ta katin hoto ce. In wayar daidai take, koma amsar BIOS. In abin ya faro ne bayan ka kunna EXPO ko XMP, zare wuta, cire ɗan batirin da ke kan madabod, CR2032, na minti biyar, ka mayar.

Gem ya ƙi buɗewa, yana neman TPM da Secure Boot. Sai na canza madabod?

Da wuya. Duka biyun matakan tsaro ne da ake kunnawa a BIOS. Valorant a kan Windows 11 yana neman su, Battlefield 6 ma haka, kuma duk soket huɗun da muka lissafa suna da su, a kashe kawai suke a wasu madabod. A BIOS nemi fTPM in AMD ne, PTT in Intel ne, ka kunna. Secure Boot kuwa ba ya kunnuwa sai an kashe CSM, wato saitin tashi irin na tsofaffin kwamfutoci, kuma kafin ka kashe shi ka tabbatar faifan da Windows ke kai tsarin GPT ne, wato sabon tsarin raba faifai. In tsohon tsarin MBR ne, kwamfutar ba za ta ga Windows ba bayan ka kashe CSM. Sai ka fara juya faifan da umarnin mbr2gpt da ke cikin Windows, bayan ka kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri.